Kafin a shiga wuta, wa ya gwada garkuwar?

Duk direban da ya taɓa tsayawa a mararrabar Takeita, cikin ƙasar Garagumsa, ya san a nan ne hanyar Kano ke rabuwa da babbar hanyar Yamai, ta gangara kudu ta Matamaye har iyaka. Kakanninmu sun bi wannan shiyya da raƙuma da jakuna, mu kuma muna bin ta da kamiyo, kuma a wurinmu Kano kasuwa ce: Kurmi, Kantin Kwari, Sabon Gari. Abin da galibinmu ba mu sani ba shi ne, an yi wani lokaci da Kano ta zama zango a kan wata hanya dabam, wadda ta bi ta bisa kawunanmu da nisan kilomita 160 zuwa 260.

A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka ta kafa tashoshi 18 kewaye da duniya, domin su riƙa sauraren kumbon da za ta harba da mutum a ciki. Biyu daga cikinsu suna kudu da Sahara, ɗaya a Zanzibar, ɗaya a Kano. Ran 20 ga Fabrairu 1962 John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya cikin kumbo. Da ya iso bisa ƙasar Hausa a kewayensa na farko, sai ya gaya wa mutanen tashar Kano cewa yana hangen wata ƙura mai yawa a ƙasa, su kuwa suka amsa masa cewa mako guda ke nan iska na bugawa da ƙarfi. Mu dai ba mu bukatar a faɗa mana sunan ƙurar watan Fabrairu, hazon hunturu ne.

To, ba a daɗe ba murna ta koma ciki. Wata alama ta bayyana ga masu tsaron na'urori a ƙasa, tana nuna cewa garkuwar da ke gindin kumbon, wadda ita ce za ta tsare shi daga wuta in zai dawo, ta kwance daga maƙullanta. Idan alamar ta faɗi gaskiya, babu abin da ke riƙe da garkuwar sai ɗamara uku na wani ƙunshin ƙananan rokoki da aka ɗaura a kanta, waɗanda a ƙa'ida ake yar da su kafin a shigo iska. Aka umurci Glenn da kada ya yar da su. Ya shigo yana ganin gutsattsarin abu na ci da wuta suna wucewa ta tagarsa, bai san ko ƙunshin ne ke ƙonewa ko garkuwar ce ke wargajewa ba. Allah ya kiyaye, ya faɗa teku lafiya bayan sa'a 4 da minti 55. Daga baya aka gano cewa ɗan makunnin da ya aiko da alamar ne ya lalace, garkuwar kuwa tana nan daram. An riga an gwada irinta ran 9 ga Satumba 1959, aka harba ta cikin kumbon da babu kowa, aka tsamo ta daga teku aka dudduba.

Mai karatu zai ce, ina wuta a sama, wurin da sanyi ya fi na hunturu? Wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san gindin famfo yana yin zafi, domin iskar da aka matse da sauri zafi take yi. Abin da ke gudu fiye da ƙara ba ya ba iskar da ke gabansa lokacin kaucewa, sai ya danne ta, ta taru a gabansa kamar bango. Kumbon da ke kewaya duniya yana gudun kimanin kilomita 28,000 a sa'a. In an yi lissafi, kowane kilo ɗaya na nauyinsa yana ɗauke da ƙarfin da ya yi kusan daidai da abin da litar isansi guda ke bayarwa in an ƙona ta. Kumbon Glenn ya ɗara tan guda, wato ke nan wutar fiye da duro biyar na isansi ce ta zama dole a rabu da ita cikin ƴan mintoci, ga mutum zaune a tsakiya. Wanda ya dawo daga wata kuwa yana shigowa da gudun kusan kilomita 40,000 a sa'a, iskar da ke gabansa har ta fi fuskar rana zafi.

Dabara ta farko wani masani ne mai suna Julian Allen ya samo ta a farkon shekarun 1950, a cibiyar Ames ta Kalifoniya, kuma ta saɓa wa hankalin kowa. Mutum zai zaci abu mai tsini kamar mashi shi ya fi dacewa da gudu. Allen ya nuna cewa a irin wannan gudu mai tsini shi ke fara narkewa, mai faffaɗan gindi kamar ƙwarya kuwa yana tura bangon iskar nan gaba kaɗan, mafi yawan zafin ya zame ta gefe ya tafi da iska. Shi ya sa kumbo irin na Glenn da gindi yake shigowa. Amma ragowar zafin da ke taɓa jiki ma ya isa ya narkar da ƙarfe, sai an yi masa shafe.

Wani shafen fenti ne kawai. Concorde, jirgin Faransa da Ingila mai ninka gudun ƙara sau biyu, a zamanin da yake tashi hancinsa na kaiwa digiri 127, jikinsa ya ƙara tsawo da kimanin santimita 20 yana cikin tafiya. An yi masa farin fenti na musamman ne don ya rage zafi, kuma a 1996, da aka shafe guda ɗaya da shuɗi domin tallan Pepsi, sai aka hana shi wuce minti 20 a cikakken gudunsa. (Dattawan arewa za su tuna da husufin rana na 30 ga Yuni 1973: a ranar Concorde na farko ya bi inuwar wata ta bisa hamadar Nijar, masana na ciki suna kallon husufin har minti 74, kafin ya sauka a Fort-Lamy, Injamena ta yau.) Wani shafen kuma aikinsa ya hana zafi ratsawa, kamar fale-falen kumbon Amurka mai fukafukai, waɗanda aka yi da zaren rairayi tsantsa, fiye da kashi 90 cikin ɗari na cikinsu iska ce, aka rufe bayansu da baƙin gilashi. Wanda ya fi ban sha'awa shi ne wanda ke ba da kansa wuta ta ci. Ku dubi randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta ya bushe shi ke tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi. Haka garkuwar Glenn take, ƙaro ne da zaren gilashi, bayanta ya ƙone ya zama gawayi, hayaƙin ya fita ya ɗauke zafin, cikinta bai ji komai ba.

Samun abin da ke jure wuta ba shi ne babbar wahala ba, maƙeran Damagaram sun daɗe da sanin cewa bututun yumɓu da ke kai iskar zugazugi cikin gawayi yana zaune lafiya a wutar da ke tausasa ƙarfe. Wahalar ita ce abu biyu da ba jinsi ɗaya ba su zauna tare cikin zafi da sanyi. Duk mai gidan ƙasa a Birni ko Zango da ya taɓa yi wa bangonsa yaɓen siminti ya ga abin da ke biyo baya. Damina biyu ko uku, sai siminti ya ɗago, ruwa ya shiga bayansa, wata rana ya zubo falle guda ya tafi da rabin bango, alhali makuba ta magabata, da yake ita da ƙasa dangi ne, tana sannu a hankali take zaizayewa. Ƙarfe yana miƙewa in ya ji wuta fiye da yadda yumɓu ke miƙewa. In an shafa ɗaya a kan ɗaya, kowane zafi da kowane sanyi jayayya ce a tsakaninsu. Masu sayar da langa su ma sun san sauran labarin: ƙyallin nan gilashi ne bisa ƙarfe, da ya ɓantare wuri ɗaya ko da kamar ƙwayar gero ne, ta nan tsatsa ke shiga.

Yaya ake gwadawa? Maƙeran da suka zuba wa Sarki Tanimun igwa, a zamaninsa na 1851 zuwa 1884, ba su da hanyar tabbatar da aikinsu sai an ɗura albarushi an kunna. Masu kumbo ba su son su kai ga haka da ran mutum, saboda haka suka gina wasu manyan zugazugai na lantarki. Ana tura iska ta cikin wata walƙiyar lantarki da ba ta yankewa, ta yi zafin dubban digiri, sa'an nan a sako ta ta wani ƙuntataccen baki ta fito da gudun da ya ninka na ƙara, ta doki guntun shafen da aka kafa a gabanta. A cikin guntun an binne wayoyin awon zafi, ana ɗaukar hotonsa, in an kashe wuta a auna nauyin da ya ragu, a yanka shi a duba zurfin ƙunar. Na cibiyar Ames yana cin megawat 60. Wanda Turawa suka gina a Kapuwa ta ƙasar Italiya, mai suna Scirocco, yana cin megawat 70. Don mai karatu ya gane girman abin, injuna biyu na tashar gawayin Sonichar a Anu Araren, da aka kunna a farkon shekarun 1980, in an haɗa su ba su cika megawat 38 ba. Duk da wannan wuta, abin da Scirocco ke iya gwadawa a lokaci guda bai fi faɗin faifai babba ba, kimanin santimita 60, alhali garkuwar kumbon zamani faɗinta mita 5 ne.

Akwai wata hanya da ta fi kusa da mu. A Odeillo, cikin duwatsun kudancin Faransa, an gina wata tanderun rana a ƙarshen shekarun 1960, inda madubai 63 ke bin rana suna mayar da haskenta kan wani ƙaton madubi mai lanƙwasa, shi kuma ya tara shi wuri guda, zafi ya haura digiri 3,000 ba hayaƙi ba toka. A nan ma ana gasa shafen kumbo a ga iyakarsa. Wannan ilmi na tara hasken rana da madubi shi ne fannin marigayi Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya shugabanci ofishin Onersol daga 1969 zuwa 1985, jami'ar Yamai kuma ke ɗauke da sunansa. Rana dai muna da ita fiye da Odeillo. Abin da ya rage mana shi ne madubi, da kasafin kuɗi, da haƙurin da zai kai shekara ashirin bai ƙare ba.

Sai dai fa babu ɗaya daga cikin waɗannan wurare da ke iya haɗa komai a lokaci guda. In an sami zafin daidai, matsin iskar bai yi daidai ba. In matsin ya yi, tsawon lokacin bai kai ba. Tanderun rana na ba da zafi babu iska, zugazugin lantarki na ba da iska da zafi amma a kan guntu. Ɗan kasuwar da ke sayen gero buhu ɗari ya soka buhu uku ya duba ya fi masu kumbo samun tabbaci, domin shi aƙalla geron da ya gani shi ne geron da zai ɗauka. Gwaji ba ya amsa komai sai tambayar da aka yi masa, kuma tarihin wannan sana'a cike yake da tambayoyin da aka manta ba a yi ba.

Ran 3 ga Oktoba 1967 wani matuƙin soja mai suna William Knight ya tuƙa jirgin roka X-15 har gudun kilomita 7,274 a sa'a, ninki 6.7 na gudun ƙara. An san tun farko ƙarfen jikin jirgin ba zai jure ba, saboda haka aka fesa masa wani shafe ruwan hoda mai kama da abin goge rubutu, aka bi shi da farin fenti. An yi hangen nesa ƙwarai, har an sa wa tagar hagu murfi kamar fatar ido, domin an san hayaƙin shafen zai dusashe gilashi, matuƙi ya rasa ganin filin sauka. Amma a ƙarƙashin jirgin an rataye wani samfurin inji don a gwada siffarsa, kuma ba a yi lissafin abin da zai faru ba in bangon iskar da samfurin ke turawa ya haɗu da na jikin jirgin. A mahaɗar nan zafi ya ninka, ya haura digiri 1,300, ya cinye shafen, ya huda ƙarfe kamar da wutar walda, samfurin ya ɓalle ya faɗi cikin hamada. Knight ya sauka da ransa. Jirgin bai sake tashi ba, yana ajiye a gidan tarihi a jihar Ohayo. An gwada shafen, an gwada siffar, ba a gwada wurin da suka gamu ba yadda ya kamata.

Labarin Columbia ya fi wannan ɗaci, kuma ina roƙon ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan fili su bi shi a hankali. Kumbon nan mai fukafukai ya fara tashi ran 12 ga Afrilu 1981, kuma tun a tafiyar farko ya dawo babu fale-fale 16. Bakin fukafukansa, inda zafi ke kaiwa wajen digiri 1,600, an yi shi da wani irin gawayi mai ƙarfi da aka shafe don kada iska ta ci shi. An gwada wannan gawayi da wuta iyakar gwadawa. Ran 16 ga Janairu 2003, daƙiƙa 82 bayan tashi, wani guntun soso da ake lulluɓe tankin mai da shi, girmansa kamar jakar hannu, nauyinsa bai kai kilo guda ba, ya ɓalle ya bugi bakin fiffiken hagu. Ba yau aka fara ba. Soso ya sha ɓallewa a tafiye-tafiyen baya, har a ta watan Oktoba 2002, kuma da yake kowane karo kumbon na dawowa, sai aka mayar da abin zancen gyara bayan sauka. Injiniyoyi suka nemi a ɗauki hoton fiffiken daga nesa yana sama, manya suka ga babu bukata. Aka koma ga lissafin kwamfuta, lissafin kuwa an gina shi ne a kan gwajin ƴan ƙananan gutsattsari, waɗanda guntun nan ya fi su girma ninki ɗaruruwa. Takarda ta fito cewa babu haɗari. Ran 1 ga Fabrairu, da kumbon ya shigo iska, wuta ta bi ta ramin ta shiga cikin fiffiken, ta narkar da ƙasusuwansa na alminiyam, irin wanda maƙeranmu ke narkawa da gawayi su zuba tukwane, tun da digiri 660 ya ishe shi. Columbia ya tarwatse bisa jihar Teksas saura minti 16 ya sauka, mutum bakwai suka rasu.

Ko bayan haka akwai manyan da ba su yarda soso zai iya fasa gawayin ba. Sai ran 7 ga Yuli 2003, a wata cibiyar bincike a San Antoniyo, aka ciro bakin fiffike na gaske daga kumbon Atlantis, aka ɗura soso mai nauyin wancan cikin wata doguwar bindigar iska, aka harba da gudun kimanin kilomita 850 a sa'a. Ya huda rami mai faɗin santimita 40, wanda kan mutum zai shiga. Gwajin bai ɗauki ƙiftawar ido ba, kuma babu abin da ya hana a yi shi shekara ashirin kafin nan, illa dai kowa na ganin ya riga ya san amsa.

Wannan hali ba baƙo ba ne a wurinmu. Ana gina aji ko gada ko rijiya, kwamiti ya zo karɓar aiki, a zagaya, a ga fenti na ƙyalli, a sa hannu, a ci abinci. Da wuya ka ji an ce a fasa gefe guda a ga ƙarfe nawa ke ciki, ko a ɗebi kankare a kai ɗakin awo. In wani ƙaramin ma'aikaci ya yi magana, sai a ce masa ai haka aka yi na bara kuma yana tsaye. Hujjar da aka kafa a kan soso ke nan, harafi da harafi: bai faɗi ba jiya, don haka ba zai faɗi ba. A ganina ma'aikacin da ya nemi a gwada bai ci mutuncin ɗan kwangila ba, ya ma kare shi ne daga ranar da za a neme shi a gaban alƙali. Haka ɗan kasuwar da aka kawo masa fentin kwano da aka ce yana korar zafi: falle biyu, ɗaya da fenti ɗaya babu, da ma'aunin zafi na kantin magani, da rana ɗaya ta watan Afrilu, sun fi duk abin da aka rubuta a jikin gwangwani.

Amma kada a ce duk kuskure daga sakaci yake. Misali na ƙarshe ya nuna ana iya yin gwaji da gaskiya a tsananta, amsar kuma ta fito a karkace. Kumbon Orion, wanda Amurka ta ƙera don komawa wata, an harba shi babu kowa a ciki ran 16 ga Nuwamba 2022, ya kewaya wata ya dawo ran 11 ga Disamba. Garkuwarsa tubali 186 ne na wani shafe mai suna Avcoat, jikan wanda kumbon Apollo ya yi aiki da shi, kuma ta fuskanci zafin kimanin digiri 2,760. Ɗakin mutane bai yi zafi ba. Sai dai da aka duba gindin, aka tarar a wuri fiye da 100 gawayin ya ɓantare gunduwa-gunduwa, maimakon ya zaizaye sannu a hankali yadda aka tsara. Shekara biyu ana bincike, sai ran 5 ga Disamba 2024 NASA ta bayyana dalili.

Ga yadda abin yake. Orion bai shigo kai tsaye ba, ya tsoma cikin iska ne ya sake ɗagawa sama, kamar tsakuwar da yara ke jefawa bisa ruwan tabki tana tsalle, sa'an nan ya sake shigowa. A tsakanin tsomawa biyun wutar waje ta lafa, amma zafin da ya riga ya shiga cikin shafen ya ci gaba da dafa shi, hayaƙi na taruwa a ciki, bayan kuwa bai ƙone ya yi ƙofofin da hayaƙin zai fita ba. Da matsi ya yi yawa sai ya tsage. A ɗakin gwaji an gasa shafen da wuta mai tsanani fiye da wadda ya tarar a sama, bisa tunanin cewa abin da ya jure babba zai jure ƙarama. Ashe wuta mai tsanani ita ke saurin buɗe ƙofofin, mai sauƙin ce ke kulle hayaƙi a ciki. Matan da ke ginin tukwane a Miriya ba za su yi mamakin wannan ba. Sun san tukunyar da bayanta ya bushe cikinta da sauran damshi ita ke fashewa a wurin gashi, kuma abin da magina ke cuɗawa cikin yumɓu, dakakken tsingaro ne ko ƙaiƙayi, yana ba tururi hanyar fita. Sai da aka gyara zugazugan Ames suka iya kwaikwayon wutar nan mai lafawa, sa'an nan tsagewar ta bayyana a ƙasa kamar yadda ta bayyana a sama. A wannan rana ta Disamba 2024 NASA ta yanke shawarar barin garkuwar da aka riga aka ɗaura wa kumbo na biyu, mai ɗaukar mutum huɗu, ta sauya masa hanyar shigowa, garkuwoyin gaba kuma a yi su da shafe mai numfashi. Ba kowa ne ya gamsu ba. Charles Camarda, injiniyan garkuwar zafi wanda shi da kansa ya hau kumbon farko da aka harba bayan Columbia a 2005, ya fito fili ya soki shawarar.

Wani zai ce duk wannan zancen masu zuwa wata ne, mu ina ruwanmu. To, duk alhajin da ya hau jirgi zuwa Jidda ya ɗora ransa a kan irin wannan shafe. A cikin injin jirgin fasinja, iskar da ke fitowa daga ɗakin ƙona mai tana haura digiri 1,500, ta fi zafin da ke narkar da ƙarfen fukafukan da take juyawa. Abin da ke tsare su shi ne iska mai sanyi da ke bi ta ƴan ƙananan ramuka a cikinsu, da wani farin shafe dangin tangaran wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Ana gwada shi da sa shi cikin wuta a fitar, a sa a fitar, sau ɗaruruwa, ana ƙirga karo nawa zai yi kafin ya ɓare. Shekaru da yawa ana wannan gwaji da iska mai tsabta, sai aka lura injunan da ke aiki a ƙasashen hamada suna tsufa da wuri fiye da lissafi. Ƙurar da injin ke shaƙa tana narkewa a wajen digiri 1,200 ta zama ruwan gilashi, ta tsiyaya cikin ƴan tsagogin da aka bari da gangan a jikin shafen don ya riƙa miƙewa tare da ƙarfe. In jirgi ya sauka inji ya huce, gilashin ya daskare, shafen ya ƙage, tashi na gaba ya fara ɓantarewa. Saboda haka masu ƙera injuna suka koma haɗa ƙurarsu da kansu a ɗakin gwaji, suna auna farar ƙasa da rairayi da gishiri gwargwadon abin da aka tsinta cikin injunan da suka yi aiki a ƙasashen Larabawa, suna hura ta cikin inji yana gudu har sai lahanin da aka gani a fili ya fito a gabansu. Mafi girman mafarin ƙura a duniya kuwa shi ne kwarin Bodele na ƙasar Cadi, gabas da mu, kuma iskar hunturu ta kanmu take biyowa da ita kowace shekara, daga Nuwamba har Maris.